Daga gadon asibiti zuwa bencin baya

Duk lokacin da annobar sanƙarau ta lafa a ƙasar nan, lambobi biyu ake karanta mana a rediyo: yawan waɗanda suka kamu da yawan waɗanda suka rasu. A 2015, da sanƙarau nau'in C ya afka wa Yamai da Dosso da wasu yankuna, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da lissafin mutum 8,500 da ake zaton sun kamu daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni, 573 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. A jihar Damagaram kuwa, daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙirga mutum 559, aka rasa 18. Daga nan sai a yi ta'aziyya, a gode wa waɗanda suka kawo allurar rigakafi, a rufe littafi sai wata bazarar.

Akwai lamba ta uku da ba a karanta mana. Cikin dubban da suka tashi daga gadon jinya, nawa ne suka koma gida da kunnen da ya daina ji? Nawa ne suka fara faɗuwa bayan wata shida? Nawa ne karatu ya daina zama a kansu? Wannan tambayar ta shafi zazzaɓin cizon sauro ma, palun nan da ke cika ɗakunan yara a asibitocin Magarya da Madarumfa da Madawa kowace damina. Lambar ba ta cikin sanarwar hukuma, amma duk mushen da ya shekara biyar yana riƙe da alli ya san ta. Tana zaune a bencin baya, mun raɗa mata suna daƙiƙi.

Maganata a yau ɗaya ce. Likitoci masu bincike sun daɗe da gano alamomin da ke nuna wane yaro ne ciwon zai iya bar wa tabo a ƙwaƙwalwa. Ana ganin alamomin tun yaron yana kwance, kuma ba sai da na'ura mai tsada ba. Amma wannan sani yana tsayawa a ƙofar asibiti. Ana ce wa uwa "ya warke", ta goya ɗanta ta tafi. Bayan shekara biyu ko uku a miƙa shi ga mushen da bai san komai game da jinyar da ya yi ba, a ce ya koya masa faransanci tare da yara cike da aji. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: bulala, maimaita aji, sannan a cire shi a ce boko ba rabonsa ba ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da masu bincike suka gano

Mu fara da sanƙarau. Ƙwayar cutar tana kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Kumburin yana iya ratsawa can cikin kunne, inda akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi da ke juya sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ƴan ƙananan gasun da ke cikinsa suka mutu, ba sa sake tsirowa. OMS ta ce cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya yakan mutu, kuma cikin biyar da suka tsira ɗaya yana iya tashi da larura mai ɗorewa.

A 2010 Karen Edmond da abokan aikinta suka tattara bincike 132 daga sassan duniya don su ga abin da ke samun waɗanda aka sallama daga asibiti. A Turai, kusan kashi 9 cikin 100 ne ke tashi da babbar larura. A Afirka, kashi 25. Raguwar ji ce ta fi yawa, sai farfaɗiya da shanyewar gaɓa da raunin fahimta. Sun kuma ga cewa ƙwayar numokok, wadda ke haddasa ciwon huhu ma, ta fi ƙwayar meningokok ta annoba barin tabo nesa ba kusa ba. A nan gida, masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai sun bi sawun waɗanda suka tsira daga sanƙarau suka kwatanta su da waɗanda ba su kamu ba, suka buga sakamakon a 2013. Matsalar ji tana cikin manyan abubuwan da suka tarar.

Sai palu mai hawa kai. A nan ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar ta kumbura, yaro ya shiga jijjiga da dogon suma. Tun 1989, a birnin Blantyre na ƙasar Malawi, Malcolm Molyneux da Terrie Taylor suka fito da wani ma'auni na zurfin suman yaro, daga 0 zuwa 5. Abu uku kawai ake dubawa: idonsa yana bin fuskar uwarsa? Yaya yake motsawa idan an matsa masa wuri mai zafi? Wane irin kuka yake yi? Ido da hannu sun wadatar, ko a ɗakin shan magani na ƙauye.

A Kampala ta Uganda, Chandy John da Michael Boivin da abokansu sun bi yaran da suka tashi daga wannan suma suna gwada natsuwarsu da riƙon abu a kansu. Bayan wata shida, kusan kashi 21 cikin 100 suna da rauni. Bayan shekara biyu, kashi 26, alhali a cikin sa'o'insu da ba su yi ciwon ba abin bai kai kashi 8 ba. A lura da kyau: adadin bai ragu da tafiyar lokaci ba. A Blantyre kuma, Gretchen Birbeck ta bi yara 132, aka buga sakamakon a 2010. Yara 12 sun kamu da farfaɗiya daga baya, alhali cikin yara 264 da aka kwatanta su da su babu ko ɗaya. Idan aka haɗa farfaɗiyar da sauran larurori da canjin hali, kusan ɗaya cikin uku abin ya shafa.

Su wane ne suka fi shiga haɗari? A Kilifi ta Kenya, Richard Idro da Charles Newton da abokansu sun koma kan takardun jinyar yaran don su ga abin da ya bambanta waɗanda suka samu tabo da waɗanda suka tsira lafiya lau. Idan aka haɗa abin da suka buga a 2006 da na Malawi, ga abin da ke maimaituwa: suma mai zurfi ko wanda ya ɗauki kwanaki, jijjiga sau da yawa, faɗuwar sukari a jini, zafin jiki da ya wuce kima, tamowa, da kuma wata alama da aka gani tun a asibiti, kamar gefe ɗaya ya saki ko magana ta ɗauke. A sanƙarau ma, suma da jijjiga da jinkirin fara magani suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin.

Duk waɗannan, majo ko likitan da ya yi jinyar yaron ya gan su da idonsa. Sau da yawa ma ya rubuta su a takardar jinya. Takardar tana can cikin kwali tana shan ƙura, yaron kuma yana nan yana shan bulala.

Ga hukuma da masu ba da tallafi

A ba kowa haƙƙinsa. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta karya lagon sanƙarau nau'in A, wanda a da yake kashe dubbai. Maganin rigakafin palu da ake raba wa ƙananan yara wata-wata a damina ya ceci rayuka masu yawa. Amma duk wannan aikin yana ƙarewa ne a kan tambaya guda: ya mutu ko ya rayu? Mai ba da kuɗi yana son lambar da zai nuna a rahotonsa na ƙarshen shekara, kuma yaron da ya rasa rabin jinsa ba ya ɓata wa kowa rahoto.

Dubi yadda tsarin ya ci karo da kansa. Tun 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Palu mai tsanani a wannan shekarun ya fi kama su. Amma raunin natsuwa da na riƙon karatu ba ya fitowa fili sai yaro ya shiga CI yana ɗan shekara shida ko bakwai, aka ce ya zauna wuri ɗaya ya bi allo. Daidai lokacin da tabon ya bayyana, kyautar ta riga ta ƙare. Ma'aikatar lafiya ta sallame shi, ma'aikatar ilimi ta karɓe shi, babu takarda ko ɗaya da ta ratsa tsakaninsu.

Ba kuma za a ce ba a sani ba. A Nuwamba 2020 babban taron lafiya na duniya ya amince da tsarin kawar da sanƙarau kafin 2030, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙansa biyar shi ne kula da waɗanda ciwon ya bar wa larura. A Afrilu 2025 OMS ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan jinyar sanƙarau, ciki har da gwajin ji da bibiyar majinyaci bayan sallama. To, uwa nawa ce a gundumar Mirya ko ta Tasawa aka ce wa ta dawo da ɗanta a gwada kunnensa? Iyaye, ku tambayi kanku, ku tambayi maƙwabta.

Ga ƴan uwana malamai

Na san halin da ake ciki: aji cike maƙil, wani ma na zana, ga ƙarancin littattafai, ga tsarin karatu da dole a ƙare. Ba a ce mushe ya zama likita ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ke karkata kai gefe guda idan ana magana, ko yake kallon bakinka maimakon allo, ko yake kwafar na kusa da shi kafin ya fara aiki, wataƙila kunne ɗaya yake ji da shi. Ka ɗora masa hayaniyar aji, ka ɗora masa harshen da ba a yi a gidansu, sannan ka tura shi baya saboda bai amsa tambaya ba. Wanne ne cikin wannan laifinsa?

Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, mai saurin fushi da kai duka, wanda uwarsa ke cewa "da ba haka yake ba, tun da ya yi zazzaɓin nan ya canza", ka ɗauki maganar uwar da muhimmanci, don masu bincike a Uganda da Malawi sun ga irin wannan canjin hali bayan palu mai hawa kai. Akwai kuma farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa. Yaro ya ƙura ido, ya ɗauke na ɗan lokaci, wani har da motsa baki, sannan ya dawo bai san an yi ba. Mai irin wannan yakan sha mari da sunan ba ya sauraro.

Akwai wata magana mai ɗaci da ta shafe mu kai tsaye. A 2020 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan, ciki har da Hamid Assadeck da Moussa Toudou-Daouda, sun buga binciken da suka yi tsakanin malaman makaranta a Yamai da Tawa. Malamai da yawa sun amsa cewa ana ɗaukar farfaɗiya daga mai ita. Ba a ɗaukarta. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo, taɓa shi ma haka, wurin da ya faɗi ma haka. Idan mushe ya ja da baya lokacin da ɗalibi ya faɗi, ya koya wa aji duka darasin da ya fi na allo zama a ka, kuma daga ranar babu mai cin abinci kwano ɗaya da yaron.

Abin yi kaɗan ne. A janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa. A duba agogo. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, a garzaya da shi likita.

Ga iyaye

Mu ma da namu. Yaro ya fara faɗuwa, sai a ce iska ce, a shiga yawon hayaƙi da turare, a sayar da akuya a kai wa mai magani, wata shida, shekara, ba a leƙa asibiti ba. Idan ƴa mace ce, a ɓoye don kada ta rasa miji, a cire ta daga lakwal don kada a gani. Babu mai hana addu'a, kuma malaman kirki da kansu suna cewa a haɗa da neman magani. Amma tabon da zazzaɓi ya bari a ƙwaƙwalwa tabo ne kamar na ƙuna a fata, kuma kowace jijjiga mai tsawo da aka bari tana iya ƙara ɓarna, ban da haɗarin faɗawa wuta ko rijiya.

OMS ta ce kusan mutum bakwai cikin goma masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace, kuma akwai maganin da kuɗinsa na shekara guda bai wuce dalar Amurka 5 ba, wato wajen jika uku. Duk da haka, a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun magani. Gardenal ɗin nan da aka sani tun zamanin iyayenmu yana cikin irin waɗannan magunguna. Sai dai likita ne ke yanke yawansa, ba a sayensa a tiren mai yawo, kuma ba a tsayar da shi rana ɗaya don an ga sauƙi.

Tun kafin a kai nan ma, jinkiri shi ne babban abokin gaba. Yaro mai zazzaɓi da ya yi jijjiga, ko ya kasa sha, ko wuyansa ya sanƙare, ko barcinsa ya wuce misali, ba a jiran gari ya waye ko maigida ya dawo daga kasuwa. Maza, ku bar wa matanku izini da kuɗin kabu-kabu tun kafin ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Wani zai ce ƙasar da ke fama da ceto rai ina ta ga sukunin bin sawun waɗanda suka tsira? Amsa ita ce abin da ake nema a matakin farko layi uku ne a cikin karne: kwana nawa ya yi a sume, sau nawa ya yi jijjiga, sukarinsa ya faɗi ko bai faɗi ba. Sai minti biyu na yi wa uwa bayani da harshenta, da ranar dawowa. Gwajin ji na sosai sai da na'ura a babban asibiti, gaskiya ne. Amma tsayawa bayan yaro a toshe masa kunne ɗaya a yi raɗa a ce ya maimaita, wannan ko tamma ba ya ci, kuma yana iya nuna wanda ya kamata a tura gaba. A kwatanta da kuɗin da gwamnati da iyaye ke zubawa a kan yaron da zai maimaita aji sau biyu sannan ya fita bai iya rubuta sunansa ba.

Wani zai ce rubuta irin wannan tambari ne a goshin yaro. Ai an riga an buga masa tambari, kuma ya fi wannan muni: daƙiƙi, mai taurin kai, mai iska. Bayanin jinya amana ce tsakanin iyaye da majo da darektan makaranta, ba abin shela a fili ba.

Wani kuma zai ce wannan duba ne, ana yanke wa yaro makoma tun yana goye. A'a. Lissafin Kampala da kansa ya nuna kusan uku cikin huɗu ba su da wannan rauni. Akwai wanda ya yi kwana uku a sume ya zo ya zama na ɗaya a aji, akwai kuma wanda ba a ga wata babbar alama ba amma ya rasa ji. Amfanin alamomin shi ne a san wanda za a fi sa wa ido. Kuma ƙwaƙwalwar yaro tana karɓar gyara. Paul Bangirana na jami'ar Makerere ya gwada ba yaran da suka tashi daga wannan ciwo atisayen natsuwa da tunani a kwamfuta, kuma a sakamakon da aka buga a 2009 an ga ci gaba cikin makonni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ƙarshe zai ce ai yawancin binciken na Malawi da Kenya da Uganda ne. Ƙwayar falsifarom da ke sumar da yaro a Blantyre ita ce ke sumar da shi a Magarya. Amma mai wannan magana ya taɓo wani abu: ya kamata mu samu namu lissafin. Muna da sassan koyon likita a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, kuma kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu. Me ya hana wasunsu su ɗauki yaran da aka sallama daga suma, su bi su har CE1, su gaya mana abin da suka gani?

Abin da ya kamata mu nema

Daga ma'aikatar lafiya: duk yaron da aka sallama bayan sanƙarau ko palu mai suma a rubuta alamomin nan a karnensa, a ba shi ranar dawowa cikin wata guda, da wata bayan ƴan watanni, a gwada jinsa, kuma wannan bibiyar ta zama kyauta ko ya wuce shekara biyar. Maganin farfaɗiya kada ya yanke a CSI.

Daga ma'aikatar ilimi: a sa wannan darasi a makarantun horar da malamai da tarukan ƙara wa juna sani. Awa biyu sun isa a koya wa mushe gane alamun raguwar ji da yadda ake taimakon mai jijjiga.

Daga kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata: ku gayyaci majon garinku sau ɗaya a shekara ya zauna da iyaye da malamai, a yi tambayoyi ba kunya.

Akwai kuma wanda ba ya jiran izinin kowa. Ana komawa makaranta a Oktoba, daidai lokacin da palu ya gama ratsa gidaje. Darekta, ranar rubuta sabbin ɗalibai, bayan suna da shekaru da sunan uba, ka ƙara tambaya ɗaya cikin sirri: "Ya taɓa yin ciwon da ya suma, ko jijjiga, ko sanƙarau?" Uwa, idan an tambaye ki, ki faɗi gaskiya, idan ba a tambaye ki ba ki faɗa da kanki. Wanda aka ce e a kansa, a zaunar da shi a gaba, a fuskance shi idan ana magana, a raba masa aiki kaɗan-kaɗan, a ajiye bulala, kuma idan zangon farko ya ƙare ba a ga motsi ba, a rubuta wa majo takarda.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya ba malamanmu haƙuri da lada.